Tafiyar Al'ud Daga Bagadaza Zuwa Umdurman

Duk wanda ya saba shiga rumfunan masu turare, a babbar kasuwar Maraɗi ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ya san kalmar "ud". Itace ne mai ƙamshi da ake turara ɗaki da tufafi da shi, wanda alhazai kan kawo tsaraba daga ƙasa mai tsarki. A Larabci asalin ma'anar kalmar shi ne itace ko reshe, kuma da ita ce Larabawa suka raɗa wa abin kiɗan da suka fi girmamawa suna, wato al'ud. Wasu masana na ganin an kira shi haka ne domin fuskarsa ta katako ce, alhali danginsa da dama da fata ake rufe su, kamar yadda muke rufe molo da gurmi da garaya.

An shafe fiye da shekara dubu da ɗari biyu ana kiɗa al'ud, kuma a yau ana jin sa tun daga Maroko har tsibiran Indonesiya. Sai dai mai sauraron da ya natsu zai lura cewa al'ud na Bagadaza da na Fas da na Umdurman kowanne da irin maganarsa. Wannan maƙala za ta bi sawun tafiyarsa domin a ga yadda abin kiɗa guda ya ɗauki salailai masu yawa, a ga abin da ya raya wasu daga cikinsu da abin da ya kusa kashe wasu. Batun ya shafi duk mai aikin koyarwa ko adana al'ada, domin tarihin al'ud cike yake da ja-in-ja tsakanin abin da aka rubuta a littafi da abin da yatsa da kunne suka gada.

Siffarsa da sirrin wuyansa

Jikin al'ud ya yi kama da duman da aka tsaga biyu a tsaye. Ba sassaƙa shi ake yi daga gungume ba: sillayen katako marasa kauri ake lanƙwasawa, a jera su kamar haƙarƙari, a manne. Fuskarsa ta katako ce mara nauyi, da kafa ɗaya ko uku masu ado, babbar cikinsu ana kiranta shamsiyya, wato mai kama da rana. Wuyansa gajere ne, kansa kuma ya karye ya koma baya, a nan ake ɗaure tsirkiyoyi. Wanda aka fi sani a yau yana da tsirkiya 11, biyar tagwaye da ɗaya mai kauri ita kaɗai. A da da alharini da hanjin dabba ake yin su, yanzu kuwa da nailan da waya. Abin kaɗa shi sunansa risha, ma'ana gashin tsuntsu, ko da yake na yanzu na roba ne.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wuyan sumul yake. Babu ƙarafan nan da ke gitta wuyan gita suna iyakance wa yatsa wurin sauka. Makaɗi na ɗora yatsa inda kunnensa ya umarce shi, saboda haka yana iya fitar da sautin da ke tsakanin maɓallan fiyano biyu masu maƙwabtaka, sautin da fiyano ba ta da shi. A kan irin waɗannan sautuka aka gina tsarin da ake kira maƙam. Kalmar tushenta ɗaya da "muƙami" ta Hausa, wato matsayi. Kowane maƙam, kamar Rast ko Bayati ko Hijaz ko Saba, yana da tsanin sautinsa, da wurin farawa, da wuraren hutawa, da hanyar komawa gida, da kuma yanayin da yake jefa zuciya ciki. Gwanintar makaɗi tana bayyana ne a taƙsim, kiɗan da yake ƙirƙira nan take ba tare da ganga ta ƙayyade masa taki ba, inda zai shiga maƙam, ya ziyarci maƙwabtansa, ya dawo inda ya taso.

Daga Farisa zuwa fadar Haruna Rashid

Hatiman da aka tono a ƙasar Iraƙi ta yau sun nuna mutane riƙe da abin kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya tun fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce. Amma kakan al'ud na kusa shi ne barbat na Farisa, mai gajeren wuya, wanda ya yi tashe a daular Sasaniyawa. Sunan Barbad, makaɗin fadar Kisra na biyu wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 628, yana nan har yau a adabin Farisa.

A ƙarnin farko na Hijira, Makka da Madina sun zama mahaɗar mawaƙa. Babban littafin waƙoƙi na Abul Faraj al-Isfahani, Kitabul Agani, ya ruwaito labarin Ibn Misjah, baƙar fata mazaunin Makka, wanda ya ji magina ƴan Farisa suna waƙa da harshensu, ya ɗauki karin ya ɗora wa baitocin Larabci. Daga baya ya yi tafiya zuwa Sham da Farisa, ya zaɓi abin da ya dace da kunnen Larabawa, ya bar saura. Ke nan tun daga tushe, kiɗan da ake yi wa kallon na Larabawa zalla ya haɗa hannun Bafarise da Barume da ɗan Afirka.

Bayan an gina Bagadaza a shekara ta 762, kiɗan ya samu fada mai arziki. A zamanin Haruna Rashid, daga 786 zuwa 809, Ibrahim al-Mausili ne shugaban mawaƙa, ɗansa Ishaƙ ya gaje shi har ya rasu a 850. Tare da su akwai makaɗi Mansur Zalzal, wanda ya bar wani gado mai ban mamaki. A lokacin ana ɗaura zare a wuyan al'ud domin nuna gurbin kowane yatsa. Zalzal ya samar wa yatsan tsakiya wani sabon gurbi, tsakanin gurabe biyu da aka sani, kuma malaman da suka zo bayansa suka ci gaba da kiran wurin da sunansa. Wannan sauti na tsaka-tsaki shi ne har yau ke sa mai sauraro ya gane kiɗan maƙam daga nesa.

A wannan fada ce kuma aka yi takaddama ta farko da tarihi ya adana tsakanin masu riƙo da tsohon salo da masu son sabo. Ishaƙ ya tsaya a kan salon Hijaz yadda ya gada, yarima Ibrahim ɗan Mahdi kuwa, ƙanen Haruna Rashid, ya ɗauki ƴancin ƙawata waƙa da sauya ta yadda ransa ke so. Kowane da mabiyansa. Za mu sake cin karo da wannan gardama a Alƙahira bayan shekara dubu da ɗari.

Masana falsafa ma sun shiga aikin. Alkindi a ƙarni na 9 ya bayyana tsirkiyoyi huɗu na al'ud, zir da masna da maslas da bamm, ya danganta su da ɗabi'u huɗu na jikin ɗan Adam kamar yadda likitocin zamanin suka fahimce su. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa, inda ya auna nisan kowane gurbi da lissafi. Safiyuddin al-Urmawi, makaɗin halifan Abbasiyawa na ƙarshe, ya tsira daga halakar da Mongol suka yi wa Bagadaza a 1258, kuma a littafinsa Kitabul Adwar ya raba tsanin sauti zuwa matakai 17. Ga waɗannan malamai al'ud tamkar allo ne da ma'auni: a kan wuyansa suke nuna wa ɗalibi abin da lissafi ya faɗa.

Duk wannan ya gudana ne ƙarƙashin saɓanin malaman addini. Imam Gazali ya halatta sauraren waƙa bisa sharuɗɗa, amma ya ware kayan tsirkiya saboda alaƙarsu da majalisun mashaya. Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1064, bai ga haramci a cikinsu ba. Wannan saɓani ya bi al'ud duk inda ya je, kuma shi ya sa sau da yawa ake girmama kiɗan a raina makaɗin.

Ziryab da gadon Andalus

A shekara ta 822 wani almajirin gidan Mausili ya isa Ƙurɗuba bayan ya yada zango a Ƙairawan. Sunansa Ali ɗan Nafi'u, amma an fi saninsa da Ziryab, sunan wani baƙin tsuntsu mai daɗin murya, laƙabin da aka ce ya samu saboda launin fatarsa da zaƙin muryarsa. Sarki Abdurrahman na biyu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Marubuta sun ce shi ya ƙara tsirkiya ta biyar, ja, a tsakiyar huɗun, ya ce idan huɗun jiki ne to wannan ita ce rai. Sun ce shi ya maye abin kaɗawa na itace da gashin gaggafa, ya kuma tsara yadda ake koyar da ɗalibi mataki-mataki: taki da baiti da farko, sannan kari tsurarsa, ado daga ƙarshe. Mafi yawan wannan labari ya iso mu ne ta alƙalamin al-Maƙƙari, wanda ya rasu a 1632, shekara ɗari takwas bayan aukuwar abin, don haka masana tarihi na tace shi kafin su karɓa. Abin da ba a musu a kai shi ne Andalus ta zama gida na biyu ga al'ud.

Daga nan ya shiga Turai. Hotunan da ke cikin kundin waƙoƙin sarki Alfonso na goma na Kastila, a ƙarni na 13, sun nuna makaɗa riƙe da shi. Kalmar Faransanci luth daga al'ud ta fito, haka ma luthier, sunan da Faransawa ke kiran mai ƙera kayan tsirkiya. Daga nan hanya ta rabu. Turawa suka riƙe ɗaurin wuya, suka ajiye risha, suka koma kaɗawa da yatsu domin fitar da muryoyi da yawa a lokaci guda. A ƙasashen Musulmi kuwa ɗaurin wuya ne ya ɓace sannu a hankali, aka bar murya ɗaya tana yawo cikin ƴanci.

Faɗuwar Garnaɗa a 1492 da korar sauran Musulmi daga Sifen tsakanin 1609 da 1614 sun tura iyalai masu yawa zuwa biranen Afirka ta Arewa, Musulmi da Yahudawa, tare da waƙoƙinsu. Tsarin wannan kiɗa shi ne nuba: jerin waƙoƙi a kan kari guda, ana farawa a hankali, taki na ƙara sauri har ƙarshe. Al'ada ta ce nuba 24 ce, kowace sa'a ta yini da tata. Waɗanda suka rage su ne 11 a Maroko, inda al-Ha'ik na birnin Tetuwan ya tattara baitocinsu a ƙarni na 18, da 12 cikakku a Aljeriya, da 13 a Tunisiya. Kowane birni ya ba kiɗan sunansa: ala a Fas, garnaɗi a Tilimsan, san'a a Aljer, maluf a Ƙusanɗina da Tunis da Tarabulus. Kuma Magrib ta riƙe nata irin al'ud, masu tsirkiya huɗu tagwaye, kamar ud arbi da kwitra, waɗanda jikinsu ya fi ƙanƙanta kuma ɗaurinsu ya bambanta da na gabas.

A ƙarni na 20 fayafai da fina-finan Masar suka mamaye kasuwa, matasa suka koma ga al'ud na gabas, na gida ya zama na tsofaffi. Domin ceto maluf aka kafa ƙungiyar Rashidiyya a Tunis a 1934, inda makaɗin al'ud Hamis Tarnan ya zama babban malami. Aka rubuta nuba da alamomin kiɗa na Turai, bayan samun ƴanci a 1956 kuma gwamnati ta buga su ta rarraba wa makarantu. Rubutun ya ceci waƙoƙin daga ɓacewa. Amma da yake kowane shaihi yana da yadda yake rera su, sigar da aka buga ta zama ita ce "daidai", sauran suka fara dusashewa.

Santambul da Alƙahira

A fadar Usmaniyawa ta Santambul, tanbur mai dogon wuya ya ture al'ud gefe a ƙarni na 17 da na 18. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 ya dawo da ƙarfi, a hannun masassaƙa irin su Manol, Bagirke mazaunin birnin. Al'ud na Turkiyya ya fi na Larabawa ƙanƙanta kaɗan, ana ɗaure shi sama, muryarsa siririya ce mai kaifi. Cikin gwanayensa akwai Yorgo Bajanos da makaho Udi Hrant, ɗan Armeniya. Armeniyawa da Girkawan da suka bar Anatoliya bayan masifun 1915 da 1922 sun tafi da wannan salo har Amurka. A Dimashƙa kuwa, gidan Nahat, Kiristoci, sun ƙera al'ud masu zurfin murya waɗanda har yau ake nema ruwa a jallo.

A Masar, wurin al'ud yana cikin ƙaramar ƙungiya mai suna taht, inda yake zaune da ƙanun da sarewar nay da goge da ƙaramin tambari mai ƙararrawa, suna rakiyar mawaƙi. Zuwan faifai da rediyo da silima ya sauya wannan tsari. Ƙungiyar mutum huɗu ko biyar ta kumbura ta koma ta gommai, masu goge suka cika dandamali, muryar al'ud ta nutse a cikinsu. Muhammad al-Ƙasabji, babban malamin al'ud wanda ya tsara wa Ummu Kulsum waƙoƙi masu yawa a farkon tashenta, ya ƙare rayuwarsa zaune a bayanta yana kiɗa cikin taro har ya rasu a 1966. Duk da haka al'ud ya ci gaba da zama abokin sirrin mai tsara waƙa: a kansa Sayyid Darwish da Muhammad Abdulwahab da Riyad al-Sunbaɗi suke gina karinsu kafin su miƙa wa ƙungiya. Farid al-Atrash, wanda ya fito a fina-finai fiye da talatin, shi ya maido da shi gaban jama'a, domin yakan buɗe waƙa da dogon taƙsim mai sauri wanda ke ta da ƴan kallo tsaye.

A watan Maris na 1932 sarki Fu'ad na ɗaya ya kira babban taro a Alƙahira a kan makomar kiɗan Larabawa. Makaɗa suka zo daga Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Sham da Iraƙi, masana suka zo daga Turkiyya da Turai, cikinsu har da Bela Bartok da Paul Hindemith da Curt Sachs. Babbar tambayar ita ce ko za a amince da raba tsanin sauti zuwa matakai 24 masu tazara ɗaya, tsarin da Miha'il Mishaƙa na Labanan ya bayyana a ƙarni na 19, domin a sauƙaƙa rubutu da koyarwa, har a ƙera fiyano mai irin waɗannan sautuka. Wani abin lura shi ne ƴan zamanin Masar ne suka fi matsa wa a ɗauki kayan kiɗan Turai, yayin da da yawa daga baƙin Turai suka roƙi a riƙe na gargajiya. Wakilin Turkiyya Ra'uf Yekta ya ƙi yarda da matakai masu tazara ɗaya, saboda ba haka makaɗa ke kiɗa ba. Gaskiyarsa kuwa a bayyane take ga mai kunne: sautin da ake kira sika, jikan gurbin Zalzal, ya fi tashi sama a Santambul bisa ga Alƙahira, kuma yana ɗan motsawa daga maƙam zuwa maƙam. Taron ya watse ba a yanke hukunci ba. Daga baya makarantu suka ɗauki tsarin 24 a kan takarda, yatsun makaɗa suka ci gaba da bin kunne. Babbar ribar taron ita ce fayafan da aka naɗa na ƙungiyoyin da suka halarta, waɗanda ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya sake fitarwa a 2015.

Makarantar Bagadaza

A 1936 gwamnatin Iraƙi ta gayyaci Sharif Muhyiddin Haidar, jikan sharifan Makka haifaffen Santambul, ya jagoranci sabuwar makarantar kiɗa ta Bagadaza. Mutum ne da ya iya al'ud ya kuma iya babban gogen Turai, ya zauna a Niyok shekaru da dama. Burinsa shi ne al'ud ya tsaya shi kaɗai a dandamali ba tare da mawaƙi ba. Ya rubuta darussan horar da yatsu, ya koya wa ɗalibai amfani da wuyan gaba ɗaya har zuwa sautuka mafi tsayi. Cikin shekara goma sha biyu da ya yi a can ya yaye Jamil Bashir da ƙanensa Munir Bashir da Salman Shukur.

Munir Bashir, haifaffen Mausil a 1930 daga gidan Kiristoci, shi ya kai wannan salo duniya. A 1971 ya zauna shi kaɗai a gaban ƴan kallo a Janeba ya yi taƙsim na tsawon zama guda. Salonsa na natsuwa ne, yana barin shiru ya yi aiki tsakanin jimla da jimla, saɓanin zafin salon Farid. Masassaƙin Bagadaza Muhammad Fadil ya ƙera masa al'ud wanda ɗan itacen da ke tallafe da tsirkiyoyinsa ba a manne yake ba, abin da ya ba shi wata murya ta daban. Munir ya rasu a Budafes a 1997. Nasir Shamma, wanda ya fito daga wannan makaranta, ya buɗe Gidan Al'ud a Alƙahira a ƙarshen shekarun 1990, daga baya aka buɗe rassa a wasu ƙasashe. Ta wannan ƙofa ce irin su Anwar Brahim na Tunisiya suka shigar da al'ud cikin kiɗan jaz.

Gaɓar tekun Indiya

Yaman tana da nata abin kiɗa, ƙanbus, wanda ake sassaƙawa daga itace guda a rufe da fata. Da shi ake rakiyar waƙar San'a. A zamanin Imam Yahya, daga 1904 zuwa 1948, an hana kiɗa, har makaɗa suka riƙa yin ƙanana masu naɗewa da za a ɓoye cikin riga. Hanin bai kashe ƙanbus ba. Al'ud na Masar ne, mai ƙarar murya da farin jinin rediyo, ya kusa shafe shi, ta yadda lokacin da UNESCO ta karrama waƙar San'a a 2003 masu kiɗa shi sun yi ƙaranci ƙwarai. Fataken Hadramaut sun kai shi Malesiya da Indonesiya, inda ake kiransa gambus. A Zanzibar al'ud ya shiga kiɗan tarab, wanda ƙungiyar Ihwani Safa ke yi tun 1905, kuma Siti binti Sa'ad ta naɗa shi da Sawahili a Bombai a 1928. Somaliyawa na kiransa kaban, babban gwaninsu Ahmad Isma'il Hudaidi ya rasu a Landan a 2020.

Sudan: al'ud mai matakai biyar

A Sudan ne al'ud ya yi sauyin da ya fi kusa da kunnenmu. Waƙar birnin Umdurman ta shekarun 1920, wadda daga baya aka kira haƙiba, ta taso ne daga waƙoƙin bege, da murya da amshi da tafi da tambari. Da al'ud ya shigo daga Masar, a hannun irin su Halil Farah wanda ya rasu a 1932, mawaƙan ba su ɗauki maƙam tare da shi ba. Sun ɗora shi a kan tsaninsu mai matakai biyar, irin wanda ya yaɗu daga Habasha har ƙasar Hausa, suka kuma riƙa kaɗa shi da ƙarfi yana riƙe taki kamar ganga. Wannan ne dalilin da ya sa waƙar Sudan ke shiga kunnen mutumin Kano ko Damagaram ko Njamena ba tare da tafinta ba.

An buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940. Mace ta farko da ta yi waƙa a cikinsa, a 1942, ita ce A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da suka bi hanyar hajji suka zauna a Sudan, uwarta Bahaushiya, ubanta malamin Fulani mai makarantar allo, inda ita ma ta yi karatun Alƙur'ani. Ta fuskanci tsangwama iri biyu, ta kasancewarta mace mai waƙa a bainar jama'a da ta kasancewarta ƴar "Fallata", sunan da ake kiran ƴan asalin Afirka ta Yamma da shi a can. Wadda ke kaɗa mata al'ud ita ce ƙanwarta Jidawiyya, a lokacin da kiɗan ke hannun maza kusan gaba ɗaya. A'isha ta naɗi waƙoƙi fiye da 150, ta rera da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974. A tarihin al'ud ke nan akwai shafin da ƴaƴan Hausa suka rubuta da hannunsu.

Bayanta aka yi Muhammad Wardi, malamin makaranta ɗan Nubiya wanda ya fara waƙa a rediyo a 1957, ya sha ɗauri saboda waƙoƙinsa na siyasa, ya yi gudun hijira bayan juyin mulkin 1989, ya dawo a 2002, da Abdulkarim al-Kabli wanda ya haɗa tsohuwar waƙar Larabci da ta karkarar Sudan. Hamza al-Din kuwa, ɗan Nubiyar Masar haifaffen 1929, da ya ga madatsar ruwan Aswan za ta cinye ƙauyukansu, sai ya zagaya su a kan jaki yana tattara waƙoƙi. Nubiyawa ba su gaji al'ud ba, amma a kansa ya zuba waƙoƙin nasu, ya kai su bikin Niyufot na Amurka a 1964. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya mayar da harabar gidan rediyon Umdurman filin daga har zuwa Maris na 2024, wato gidan da aka naɗi mafi yawan waɗannan muryoyi.

Kammalawa

A 2022 UNESCO ta sanya ƙera al'ud da kiɗa shi cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam, bisa buƙatar Iran da Siriya. Amma tarihin da muka bi ya nuna cewa al'ud kansa bai taɓa shiga haɗarin ɓacewa ba. Waɗanda suka shiga haɗari su ne ƙananan salailai: kwitra ta Tilimsan, ƙanbus na San'a, sigar nuba ta wani shaihi da ba a buga ba, sika ta wani birni da makaranta ta daidaita. Yaƙi da hani sun yi musu ɓarna, haka ma rinjayen babbar kasuwa da kyakkyawar niyyar masu son a samu ma'auni guda.

Molo da gurmi da garaya ba ƴaƴan al'ud ba ne, danginsu daban, masu sanda da fata. Amma jarrabawar iri ɗaya ce. Marigayi Malam Maman Barka, gwanin gurmi, ya je gaɓar tafkin Cadi a 2002 ya koyi biram na Buduma a wurin tsohon da ya rage da saninsa, kuma da ya yi jinkiri da kiɗan ya bi mai shi kabari. Makarantu da ƙungiyoyinmu da ke naɗar makaɗan gargajiya za su amfana da darasin Tunis da na Alƙahira: a rubuta, a naɗa, amma a ajiye kowace siga da sunan mai ita, da garinsu, da malamin da ya koya masa, da yadda yake ɗaure tsirkiyarsa, kada a zaɓi ɗaya a ce ita ce daidai. Da marubutan Bagadaza ba su liƙa sunan Zalzal a gurbin yatsansa ba, da yau ba mu san cewa mutum ɗaya ne ya fara ɗora yatsa a wurin ba.